Tsohuwar motar kwana-kwana da ta daɗe a ajiye: ta ina za a fara gyara?

Sakataren 'yan kasuwa, yankin Ringim

Assalamu alaikum. Ƙungiyar 'yan kasuwar garinmu ta samu tsohuwar motar kwana-kwana, Mercedes 1113 mai guntun hanci. Tankinta lita 2,400 ne, famfon yana baya, an buga FP 16/8 a jikinsa. Ta yi shekaru a gindin darbejiya ba a tayar da ita ba, amma mita ta nuna ba ta yi tafiya sosai ba, tayoyin ma da sauran zanensu. Muna so ta tashi kafin hunturu ya kankama, don a lokacin ne wuta ke cin rumfuna, kafin mota ta iso daga birni an gama. Kuɗin da aka tara ba su taka kara sun karya ba. Wasu sun ce a fara da fenti da jiniya don masu ba da gudummawa su ga alama, wasu sun ce a cire famfon a ɗora injin ban ruwa irin na fadama. Masana, ta ina za a fara?

Bakaniken manyan motoci, Haɗeja

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Fenti shi ne na ƙarshe. Kada kuma mitar nan ta ruɗe ku, motar kwana-kwana a tsaye take yin yawancin aikinta, inji yana juya famfo mita ba ta ƙirgawa.

Injinta OM352 ne, silinda shida, kusan lita 5.7, dangin wanda ke cikin 911 da kowa ya sani, saboda haka kayansa ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ke kashe shi shi ne gaggawar ɗaura batir a murza makulli. A zubar da tsohon gas duka, a sauke tankin man a wanke, don ruwa da lakar da suka kwanta a gindinsa su ne ke cinye injakta. A sauya filtar gas da ta baƙin mai. A kwance nozul shidan, a ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowace silinda, a bar shi ya kwana. Da safe a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, kada a sa ƙarfi, ringi ne ya kama ko bawul ya maƙale, ƙarfi kuwa lanƙwasa ƙarfe zai yi. In ya juya lafiya, a zuba sabon baƙin mai 15W-40, a buga sitata nozul suna waje har allurar baƙin mai ta ɗaga, sannan a mayar da su, a fitar da iska da ɗan famfon hannun da ke jikin injakta har kumfa ta daina fitowa.

Akwai sandar da ke cikin injakta mai ƙara mai da rage shi. In ta yi tsatsa ta maƙale a buɗe, injin yana tashi zai kwasa da gudu ba mai iya kashe shi. A tabbatar tana motsi ba cijewa, kuma ranar tayarwar farko a cire tiyon iska, mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a hannu, in ya ga abin ya ƙwace ya toshe bakin iskar da shi. Da katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba. A duba lagireto da tiyoyinsa, a leƙa wayoyi don ɓera ba ya barin motar da ta kwanta, a kuma tabbatar ko wutarta volt 12 ce ko 24 kafin a haɗa batir.

Birki ya fi inji muhimmanci a wurina. Nata na mai ne da iska ke taimaka wa. Robobin cikin silindar kowace ƙafa da na babbar silinda sun bushe, tiyoyin roba kuma sukan kumbura ta ciki, a taka birki ya kama ya ƙi saki. A sauya su duka, a zuba sabon man birki, a tsiyaye ruwan tankin iska. Tayoyi kuwa zane ba ya nuna lafiyarsu. A duba lambar DOT a gefe: huɗun ƙarshe mako ne da shekara, in kuwa uku ne to kafin 2000 aka yi ta, a jefar. Rim ɗinta mai zobe ne, mai faci ya ɗaure shi da sarƙa kafin ya ba shi iska, ya kuma kauce daga gabansa.

Tsohon ɗan kwana-kwana, Bichi

Oga Bakanike ya gama magana kan inji. Ni dai shawarata, da zarar injin ya tashi, kafin a kashe ko sisi kan wani abu, a gwada famfon, don shi ne motar. In famfon ya mutu, tankar ruwa kawai kuka saya.

Ma'anar 16/8 ita ce lita 1,600 a minti ɗaya da ƙarfin turi bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne), idan zurfin da yake jawo ruwa bai wuce mita 3 ba. Injin ban ruwa mai inci uku yana kawo ruwa da yawa, amma ƙarfin turinsa ba ya kai bar 3, kafin ruwan ya ratsa mesa biyu ya zama na ban ruwan albasa. Ku saye shi don cika tanki daga kududdufi, amma kada ya maye gurbin wancan.

Gwajin ba ya buƙatar ruwa. A tsiyaye famfon, a rufe duk bawul ɗin fita da wanda ke zuwa daga tanki da ɗan famfon tsiyaya na ƙasa, a ɗaura murfi a bakin shan ruwa. Giya tana firi, inji yana silo, a taka kuloci a sa giyar famfo, a saki a hankali. Sai a kunna na'urar zuƙe iska. A wasu motocin hayaƙin salansa ne ke yin wannan aikin, a wasu kuma 'yan fistin ne a jikin famfon da ke kama aiki da kansu. Allurar agogon shan ruwa ta sauka zuwa -0.8 cikin daƙiƙa 30. A tsayar da famfon a zuba wa agogo ido: in ta koma baya fiye da 0.1 cikin minti ɗaya, iska tana shiga ta wani wuri. Kada a tsawaita gwajin, famfo ba ya son juyawa a bushe.

In allurar ba ta ko motsa ba, laifin na'urar zuƙe iska ne. Mai aiki da salansa, murfin da ke karkatar da hayaƙi ne ke maƙalewa da baƙi da tsatsa, ko salansar ta huje kafin wurin. Mai fistin kuwa 'yan robobinta ne suka ƙeƙashe. In ta sauka amma ba ta tsaya ba, a bi wuraren nan: robar murfin bakin shan ruwa, ɗan famfon tsiyaya, bawul ɗin fita da yashi ya hana rufuwa, siririn bututun da ke zuwa agogo, sai igiyar da ke naɗe da sandar famfo. Hanya mafi sauƙi ta gano wurin ita ce a cika famfon da ruwa a matsa shi kaɗan, inda ya yi gumi nan iska ke shiga.

Igiyar nan ita ce inda kanikawan mota ke yin ɓarna. Suna ganin ɗigo sai su ɗaure tamau. Dole ta riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan lokacin aiki, ruwan ne ke sanyaya ta. In an ɗaure har ta bushe, za ta ƙone ta ci sandar, daga nan sai mai injin sassaƙar ƙarfe. A sa sabuwa daidai kaurin tsohuwar, zobe-zobe, mahaɗar kowane zobe ta saɓa da ta na kusa da shi.

Mesar jawo ruwa mai kaurin milimita 110 ce, ita ma a gwada ta haka: a haɗa ta, a sa murfin a ƙarshenta. Takan saɓule ta ciki alhali waje lafiya lau. A kududdufi, a sa matatar bakin a cikin kwando a ɗaure, ta nutse aƙalla kamu ɗaya da rabi, kada kuma ta taɓa ƙasa. Yashin Jigawa yana cinye farfelar famfo, gibin da ke tsakaninta da zobenta ya buɗe, inji yana ihu agogo ba ya hawa. In kun ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, ruwan da ke shigowa bai isa ba, a rage wuta a duba matata.

Abu ɗaya da ake mantawa: bakin mesar motocin Jamus nau'in Storz ne, wanda ake murɗawa, na tashoshinmu kuwa galibi irin na Ingila ne da ake turawa ya ɗana. Ku ɗauki baki ɗaya ku je tashar kwana-kwana mafi kusa a gwada, a nemo mahaɗi biyu ko uku, in ba haka ba ranar da suka zo taimako mesarku da tasu ba za su haɗu ba. A wannan zuwan ku nemi su horar da yaran da za su riƙa aiki da ita, ku kuma ji ƙa'idar rajista da jiniya.

Mai walda, Gumel

Baba ya faɗi gaskiya, amma tankin ma ba abin rainawa ba ne. Lita 2,400 tan biyu ne da kilo 400. A cikinsa akwai faranti masu huji da ke hana ruwa tunkuɗa, kuma waldarsu ce ke fara ruɓewa. A buɗe murfin sama a bar shi ya sha iska, mutum ya shiga da fitila wani yana tsaye a bakin. A bi gindin da kusurwoyi da ƙaramar guduma, inda sauti ya mutu ƙarfen ya yi siriri. In ramukan 'yan kaɗan ne, a yanke wurin a sa faranti mai kauri ɗaya da na asali. Kada a lulluɓe faci a kan tsatsa, tana ci gaba a ƙarƙashi. In gindin duka ya tafi, a sauya shi gaba ɗaya. Bayan walda a kankare, a busar, a shafa fentin epoxy hannu biyu, ya bushe sarai kafin ruwa. Kwalta ba ta yi, tana ɓarewa ta toshe famfo.

Masu cewa a ɗora tankin roba na gida, kada ku yarda. Ba shi da farantin ciki, ga tsayi, shan kwana ɗaya a hanyar burji ya isa ya kifar da motar. A kuma zura waya a bututun numfashin tanki, zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki. In ya toshe, wajen cikawa tankin ya kumbura, wajen ja ya lotsa. Kafin a kunna walda a jikin mota a cire kan batir.

Sakataren 'yan kasuwa, yankin Ringim

Allah ya saka da alheri. Ke nan birki da taya, sai famfo, sai tanki. Baba, in ta tashi, yaya za a riƙa kula da ita? Kuma tanki ɗaya zai yi minti nawa a wurin gobara?

Tsohon ɗan kwana-kwana, Bichi

Lissafin mai sauƙi ne, Malam. Ƙaramin baki mai fitar da lita 200 a minti zai ba ku minti 12. Babba mai 400, minti 6. In aka buɗe famfon iyakar ƙarfinsa, minti ɗaya da rabi tankin ya ƙare. Saboda haka tun yanzu ku san kududdufi ko tankin burtsatsen da motar za ta iya isa bakinsa a watan Maris, ba wanda ke cike da damina kawai ba.

Duk mako, a tsayar da rana ɗaya: a tayar da ita, a yi tafiyar kilomita goma har inji ya yi zafi, ana taka birki. A sa famfo ya yi minti goma yana zagaya ruwa ya koma tanki. Kada a bar shi yana juyawa duk bawul a rufe, ruwan ciki zai tafasa. Bawul a buɗe shi a hankali, a rufe a hankali, bugun ruwa yana fasa mesa ya kayar da mai riƙe da ita. Gwajin iska sau ɗaya a wata, da kuma duk bayan an ja ruwan kududdufi, bayan an ɗauraye famfon da ruwa mai tsabta. Mesa a wanke a shanya a inuwa, sai ta bushe a naɗe. Tanki kullum a cike, rabin tanki ya fi cikakke haɗari a kan hanya. A yi mata rumfa, a faka ta hancinta yana kallon ƙofa, makulli a hannun mutum biyu da ke kwana kusa.

In wutar ta kama layin 'yan bumburutu, kada a watsa wa fetur ruwa, yawo zai yi a kansa ya kai wutar rumfar gaba. Ku jiƙa rumfunan da ke kewaye, man kuwa sai yashi ko kumfa. In da wayar lantarki a wurin, a yanke wuta tukuna.