Waɗanda suka yi aikin furostet a kan ɓeraye, ku zo mu ji

Ɗalibar masta: Salam 'yan uwa, don Allah duk wanda ya taɓa aikin kumburin furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) a kan ɓeraye ya faɗa mana yadda ta kaya masa. Ni dai kwana 28 ina musu allurar testosterone (sinadarin maza) a ƙarƙashin fata, narke cikin man zaitun, ranar da muka feɗe furostet ɗin ya yi nauyi sosai a sikeli sai na rubuta cewa alamar cutar kansa ta fara, malamina ya ja jan biro a kai ya ce wa ya gaya miki?

Mai yanka silaid: Ƙanwata malaminki ya yi gaskiya. Sikeli girma kawai yake nuna miki. Shekaru na yi ina leƙa yankan nama a silaid da madubin ƙara girma, in kumburi ne kawai za ki ga ƙwayoyin halittar naman sun yi yawa amma kamanninsu bai canza ba. In kuma PIN ne, wato matakin da ke zuwa kafin cutar kansa, sai ki ga sun cunkushe cikin bututun furostet ɗin suna hawa kan juna, cibiyarsu ta kumbura ta yi duhu, amma ba su fasa bangon sun fita ba tukuna. Sa naman a fomalin (ruwan adana nama) da wuri, in ya daɗe a kan tebur ba abin da zan iya gani.

Ɗan fainal: Ni kam ranar farko na haɗa da jakar maniyyi na auna, lamba ta fito ƙatuwa ina ta murna. Ashe furostet ɗin ɓera kashi huɗu ne, ba dunƙule ɗaya ba kamar na mutum, kuma na baya da na gefe sun fi wuyar rabawa wallahi.

Yaya daga Amurka: Mu nan da TRAMP muke aiki, ɓerayen da aka sauya wa halitta a Baylor can Houston, 1995. Waɗannan ba sai an yi musu allura ba, kafin su cika wata uku PIN ya bayyana, daga baya ƙari ya biyo. Abu ɗaya dai, kar ki kashe kuɗi kan gwajin PSA (sinadarin furostet da ake aunawa a jinin maza), ɓera ba shi da shi sam, ni sai da na saya na sani kuma har yau abin na min ciwo.

Ɗalibar masta: Allah Ya saka da alheri. Abin ya dame ni ne saboda Babanmu sau huɗu yake tashi fitsari da dare, finasteride yake sha, maganin kumburin furostet, irin wanda nake ɗura wa rukuni na uku na ɓerayena, kullum na riƙe ɓeran nan shi nake tunawa. Yaya mai silaid, namana na cikin fomalin tun Litinin, in kawo gobe ko ya yi latti?

Mai yanka silaid: Kawo da safe, ki rubuta lambar kowane keji a jikin kwalba da fensir.