Bakin bargona ya tattare, ina mafita?

Mai tambaya, Bukoki: Salama alaikum. Na haɗa wa ɗiyata bargo da guntayen atamfa, auduga a tsakiya, don hunturu. Da na zo daje bakin da keke sai ya tattare, kusurwa ta yi ƙululu, allura biyu sun karye.

Tela, Wadata: Hajiya, yanki ƙyalle mai faɗin santimita 6, ki ninka biyu, ki goge. Fara ɗinka shi a bakin bargon ta baya, ki juyo shi gaba ki bi bakinsa. Kusurwa kuwa, tsaya saura milimita 6, ki ɗaga ƙyallen sama a karkace, ki sauko da shi. Sa allura lamba 16.

Wata daga Tawa: Yaya, kin wanke atamfar kafin yanka? Ni ban wanke ba, wankin farko bakin ya takure. Kuma kada ki ja, bar keke ya ja da kansa.

Mai tambaya: Wallahi ja nake yi! Bari in warware.