Zuwa Ɗa'if don ganin furen wardi: yaushe ya fi dacewa?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu zo Umara daga Kano a ƙarshen watan Maris, kuma ina son mu ware yini guda mu je Ɗa'if, domin na ji ana sayar da furen wardi a fili tare da abinci iri-iri a bakin hanya. Ina roƙon 'yan'uwa mazauna Saudiyya su faɗa mini inda ya kamata mu nufa da lokacin da ya fi dacewa.

Malam na Misfala:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kun dace da lokaci, domin wardin Ɗa'if yana buɗewa ne daga Maris zuwa Afrilu, na 'yan makonni kawai. Sai dai kada ki sa ran kasuwa guda mai rumfuna a jere. Furen yana gonakin Hada da Shafa, yankuna biyu na kan duwatsu kusa da Ɗa'if, kuma da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta ɗaga, saboda zafi yana rage masa ƙamshi. Daga gona ake wucewa da shi wuraren da ake dafa shi da ruwa a manyan tukwanen tagulla, tururin ya bi bututu ya huce, man ya taso a saman ruwan wardin. Wannan aikin, a ganina, ya fi bikin wardi da ake shiryawa a cikin gari daɗin kallo, kuma wanda ya isa bayan azahar ya riga ya rasa shi. Ku bar Makka bayan sallar asuba ta hanyar Hada. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma hawan dutse ne mai yawan lanƙwasa. Ku riƙe rigar sanyi, kuma kada ku buɗe wa biran bakin hanya gilashin mota.

Inna Hauwa, Jidda:
'Yata, abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ya bar ku da yunwa. Da la'asar ku gangara tsohuwar kasuwa kusa da masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ku nemi mutabbak mai zafi, wanda ake naɗe nama da ƙwai da ganye a cikin siririn kwaɓin fulawa. In kuna son abinci mai riƙe ciki, ku ci salik, shinkafar da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi. Rumman da inabin Ɗa'if kuwa sai damina ta kama a gida Najeriya suke nuna, don haka kada ki saya da sunan na garin ne a watan Maris.

Abban Yusra:
Hajiya, a kula wajen sayen man wardi. Dubban furanni ne ke ba da tola ɗaya, shi ya sa na ainihi yake da tsada ƙwarai, kuma duk wanda ya tallata miki shi da araha to gauraye ne. Ruwan wardi ya wadatar a tsaraba, amma a sa shi cikin babbar jaka, tunda ba a shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100 a hannu. Idan kuna da niyyar wata Umarar a dawowa, ku tafi da harami, domin mikatin Wadi Muhrim yana kan hanyar Hada.

Maman Ihsan:
Allah ya saka da alheri. Inna, shagunan tsohuwar kasuwar suna buɗewa ranar Juma'a, ko mu zaɓi wata ranar?