Kuɗin adashina ya maƙale a littafin labaran dabbobi na yara, ku ba ni shawara

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya kulle. Ni malamar firamare ce, aji biyu nake koyarwa. Muna yara kakarmu ke yi mana tatsuniya bayan isha'i, tana ɓarar gyaɗa muna kewaye da ita, in ta zo kan kura sai ta shaƙe murya har ƙanena ya ɓuya a bayanta. Nawa 'ya'yan ko amsa "ga ta nan ga ta nanku" ba su iya ba, sai katun a waya. Shi ne na fara ƙirƙirar labarai ina karanta wa 'yan ajina. Akwai na bushiyar da kowa ke gudu saboda ƙayarta, kunkuru kaɗai ke iya jingina da ita don ƙoƙon bayansa ba ya jin suka. Akwai na kurar da ta tsinci ɗan akuya cikin ruwan sama, ta mayar da shi wurin uwarsa alhali yunwa na cin ta. Wannan shugabar makarantarmu ta karanta a ofis, ta ce sai da ta yi ƙwalla. Na kwashi adashi na ba mai zane rabin kuɗinsa, ya yi wasu shafuka ya tsaya. Yanzu kuma yayan maigidana ya ce zanen abu mai rai bai halatta ba. In ci gaba ko in haƙura?

Mai Littattafai: Wa alaikumus salam. Malama, sana'ata ke nan, ki saurare ni da kyau. Ba a fara biyan mai zane sai an ji farashin maɗaba'a. Bugun kala faranti huɗu yake ci (farantin da ake ɗora shafi a kai a sa a injin bugu), baƙi da fari ɗaya, kuma kuɗin faranti bai san ko kwafi ɗari za ki buga ko dubu ba. Shafukan ma ba yadda kika ga dama ake yi ba, 16 ne ko 24 ko 32, saboda yadda ake ninke takarda. Ga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da za ki nema a Laburaren Ƙasa. Bayan duk wannan, iyaye ba sa sayen littafin da makaranta ba ta sa a jerinta ba. Shafi nawa ya gama? Kun yi rubutacciyar yarjejeniya?

Maman Ummi: Ɗan unguwarmu ne, na san mahaifiyarsa, ba zai ci min kuɗi ba. Kuma ni ba don riba na fara ba.

Anti Mai Ɗinki: Allah sarki ƙanwata. Ni ma haka ɗan unguwarmu ya karɓi kuɗin gyaran keken ɗinkina ana gab da sallah, har yau sai dai in hango shi a majalisa. Uwarsa na gaishe ni kullum, kunya ta hana ni magana. Na sani ya fi baƙo wuyar sha'ani.

Abu Sumayya: Batun zane akwai saɓanin malamai, kada a yi gaggawa. Hadisan da suka tsananta kan masu yin surar abu mai rai ingantattu ne. Amma ya tabbata Nana A'isha tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, kuma wasu malamai sun kafa hujja da haka wajen sassauta abin wasa da karatun yara. Tausayin dabba kuwa addini ne ya koyar, ga mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, ga matar da aka azabtar saboda kyanwa. Ki roƙi maigidanki su je wurin malamin da yayan ya yarda da shi.

Mai Littattafai: Ko malamai duk sun amince, labarin kurar nan ba zai shiga ba. Bahaushe ya san kura da haɗama, dila da wayo, Gizo da zamba. Yaro zai kai wa kakarsa, ta ce wa ya taɓa ba kura ajiyar nama? Ki mayar da ita giwa.

Malamin Hausa: Ban yarda ba, Alhaji. Abin da ya sa babba ya yi ƙwalla shi ne kura ce, kuma da yunwarta. In giwa ce me ta sadaukar, tunda ciyawa take ci? A littafin labaran dabbobi na Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8, hankaka ne ya nemi abota da ɓera, ɓeran ya ce yaya zan yi abota da mai cina, kuma manya ke karanta shi har yau. Abin da ke ƙona min rai shi ne makarantun kuɗi da ke cin tarar yaro in ya yi Hausa. Ɗiyata ta dawo tana kuka kan haka. Malama, ki duba shafin intanet na African Storybook, suna da labarai masu zane da Hausa kyauta, ana kuma iya ɗora nasa. Ki fara ta nan.

Maman Ummi: Na gode Malam, amma wayar ce nake son raba su da ita. So nake yaro ya riƙe takarda, ya ɗora yatsa kan ƙayar bushiya yana ƙirgawa. Kurar kuma ba zan canza ta ba. Akwai yaron da duk ajin ke kira mugu, ranar da na karanta labarin shi ya fara tambaya ko kurar ta samu abinci daga baya.

Anti Mai Ɗinki: To shi maigidan naki me ya ce? Tun ɗazu yayansa kawai muke ji.

Mai Littattafai: Ki buga baƙi da fari, shafi 16, yara su shafa kalar da kansu. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban bai taɓa kwana da kwalayen littafi a ɗaki ba. Har yanzu ba ki faɗi shafi nawa ya gama ba.

Maman Ummi: Zanen da ya yi da kala ya yi su, Alhaji, in aka cire kalar ruwan saman ba zai fito ba. Anti, maigidan bai san adashin na taɓa ba tukuna. Akwai wanda ya san mai zane mai sauƙin kuɗi da zai iya ƙarasa aikin wani?