Neman kalma: me za mu kira masu kai garin fure?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, 20 ga Mayu, kuma kalmar pollinators ta tsaya mini a wuya. Rubutun ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gonar duniya suna dogara da su, ko da kaɗan ne. Ba zai yiwu in riƙa maimaita "ƙwarin da ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan" ba. A taimaka don Allah.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. A aji barbara muke cewa. Masu yin ta kuwa, mabarbara.

Ɗaliba: Malam, ko me za a zaɓa, a cire "ƙwari" daga ciki. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ke yi masa aikin. Akwai furannin da tsuntsaye ke yi wa.

Dattijo: Barbara? A rediyo, da sassafe, yara na zaune? Wannan kalmar dabbobi ce. Akwai talƙihi, wadda Larabawa ke faɗa wa dabino tun fil azal. Masu yi a ce masu talƙihi.

Ɗan Jarida: Baba, manomi nawa ne zai gane talƙihi? In aro za a yi, a ce folineta a wuce wurin.

Dattijo: Allah ya kiyaye! Haka kuka cika mana baki da Turanci har yaro bai san sunan malam-buɗe-littafi ba.

Ɗan Jarida: To ita talƙihi Bahaushiya ce? Me ya sa aron Larabci ado ne, na Turanci kuma abin kunya? Su Turawan ma daga Latin suka ɗauko tasu, asalinta gari mai laushi ne kawai.

Dattijo: Yaro, aron da ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu ya zama ɗan gida.

Ɗan Jarida: Littafi da alƙalami sun zama 'yan gida, na yarda. Talƙihi yau na fara jin ta.

Mai Shiri: Jama'a, lokaci na tafiya.

Malamin Gona: Baba, ranka ya daɗe, abin da ya sa na nace: barbara tana gaya wa manomi abin da ke faruwa ba tare da wani bayani ba. Garin namiji ya isa ga mace, sai a sami 'ya'ya. Da zarar ya gane haka, zai gane dalilin da ya sa feshin maganin ƙwari a lokacin da gona ta yi fure yake rage masa amfani. Mutanenmu suna ganin duk ƙwaron da ya sauka a kan shuka maɓarnaci ne. A 1981 an ɗauki wani ɗan ƙwaro daga Kamaru zuwa Malesiya, dangin waɗanda ke huda hatsi a rumbu, don ya yi wa kwakwar manja wannan aiki. Kafin zuwansa da hannu ma'aikata ke yi. Itacen koko kuma wasu ƙananan ƙudaje ne ke yi masa, da ƙyar ido ke ganinsu. Kalmar da za ta sa manomi ya dakata kafin ya ɗauki famfon feshi, ita nake so.

Ɗaliba: Kuma a shirin a bambance. Masara iska ce ke kai mata garin, ba ta jiran ƙudan zuma. Kada mai sauraro ya zaci duk shuka ce.

Ɗan Jarida: Mabarbara dai tana da nauyi a baki, kuma kunne zai tafi ga bunsuru.

Malamin Gona: To a ce masu barbarar fure. "Fure" ta tsare ma'anar, ta kuma ɗauki jemage da tsuntsu.

Dattijo: Ban gamsu ba. Amma in har "fure" na manne da ita ko yaushe, ba zan hana ba. Sai dai ki ambaci talƙihi ko sau ɗaya ne, 'yata, don masu karatu su san akwai ta.

Mai Shiri: Na ɗauki masu barbarar fure, zan yi bayaninta a farkon shiri. Talƙihi kuwa, Baba, sai in minti ya ragu. Saura garin fure: in bar shi haka, ko ƙurar fure?

Malamin Gona: Bar shi gari. Ƙura datti ce.