An Karrama Baba Mai Inji: Musayar Baitoci Daga Kasuwar Katako

Akawun Rumfa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Jiya Asabar maigidanmu ya tara mu a filin katako, aka yanka rago, aka karrama Baba mai inji, wanda ya shekara 22 yana tsaga katako a wurin. Abin ya taɓa ni, na ɗan jera baitoci. Amsa-amo "ko" ne, "ƙo" ma ta shiga. Wanda ya kauce, tararsa goro.

Da sunan Allah nika farawa tun farko,
Shi ya tsiro da itace har muka san katako.

Alhaji ya miƙe ya yi godiya gaban jama'a,
Ya ce wa Baba: aikinka ya yi ƙarko.

Shekara ashirin da biyu kana bakin zarto,
Ba ka taɓa rage awo don ka cuci baƙo.

Ka san maɗaci da ja, ka san farin obece,
Ko cikin duhu hannunka na gane loko.

Shadda da shinkafa da takarda a gilashi,
Baba ya sunkuya, hawaye suka sauko.

Ɗan Dako na Jega:
Malam Akawu, sannu da alƙalami. Kai kana inuwa da littafin rasit, bari na cikin rana shi ma ya tanka.

Malam ka yi waƙa, amma ka bar rabinta,
Ka yabi mai tsagawa, ka mance mai ɗauko.

Tirela ta taso tun daga Sapele da Ore,
Ta bi Jebba da Kontagora, ta kwana Koko.

In ta iso, wa ka hawa bisa ya kwance igiya?
Mu ne, kafaɗa ta yi kanta, kai ya yi sanƙo.

Tu-bai-fo (katako mai kaurin inci biyu, faɗin inci huɗu) ɗanye mai ƙafa goma sha biyu,
Huɗu nika saɓawa, ba mai taya ni riƙo.

Kuɗinmu bisa guda ne, ba albashi ba hutu,
Ran da ciwo ya kayar, babu ko na koko.

Takarda a gilashi ba ta shiga tukunya,
In za a gode min, a ƙara kuɗin dako.

Kafintan Argungu:
Ɗan Dako ya ci Koko ya sha koko a waƙa ɗaya, Allah shi ƙara basira. Ni mai saye ne, shaidata ta waje ce.

Wasu su ba ka ɗanye su rantse ya bushe,
Ka haɗa ƙyaure yau, ya karkace cikin mako.

Baba kan ƙwanƙwasa falanki ya sa kunne,
Ya ce: da ruwa cikinai, yaro wancan miƙo.

Shi ya hore ni in shafe rufi da baƙin mai,
Gara ta zo ta kewaya ta rasa saƙo.

Yadi goma na shadda kaɗan ne, Alhaji,
Rabin masu saye don Baba suka tako.

Uwar Gida ta Badariya:
Ni ban san tu-bai-fo ba, maigidana na sani, shi ma bakin inji yake a wata rumfa. Zan kauce wa amsa-amonku, ku biyo bashin goron.

Ku da rana kuka ganinsu, ni da dare nika ganewa,
Garin katako cikin gashi, cikin hanci da kunnuwa,
Tari ya hana shi kwana har gari ya soma wayewa,
Sai na ɗaga murya ya ji ni, ƙarar inji ta ci jin kowa.

Yatsa biyu na hagu zarto ya ɗauke, babu dawowa,
An biya kuɗin asibiti, wannan ban musantawa,
Amma wata uku yana kwance albashi na tsayawa,
Ƙosai da ɗinkin hula suka riƙe mu da rayuwa.

Ban ƙi rago ba Malam, ban ƙi taro da tafawa,
Takunkumi nika roƙo, da gilashin ido na sawa,
Da abin toshe kunne, da murfin zarto na karewa,
Kuɗinsu bai kai ragon ba, in za a yi kirgawa.

Akawun Rumfa:
Inna, an yafe goron. Na rasa bakin magana.

Ɗan Ƙungiya na Gesse:
Inna, Allah shi ƙara lafiya ga maigida. Abin da kika roƙa wani sashensa haƙƙi ne. Tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni bakin aiki. Mai kamfani ka zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, daga nan ake biyan wanda ya samu rauni. Ku tambayi rumfunan kasuwa nawa suka taɓa jin sunanta. Mafi ƙarancin albashi kuma, a Yulin 2024 aka mai da shi naira 70,000, Kebbi ta sa wa ma'aikatanta 75,000, amma dokar albashin ta tsame wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ɗan dako kuwa, da ake biya bisa guda, tun farko ba ya cikin lissafi.

Ran ɗaya ga Mayu ana maci da hula da riga,
Mu muna bayan tirela muna sauke katako.

Doka tana takarda, takarda tana Abuja,
Ba ta san hanyar rumfa ba, balle ta leƙo.

Hadisi ya ce a biya kafin gumi ya bushe,
Namu ya bushe ya tsattsafo, ana ta ce mana wani mako.

Ɗan Maigida:
Iyayena da yayyena, na karanta duka. Ba na zo kare Alhaji ba, amma ku ji ta ɓangarenmu.

Tun da tallafin mai ya tafi a 2023,
Kuɗin mota ya ninka kan kaya su sauko.

Daga Ore zuwa Jega shinge ba ya kirguwa,
Kowane mai sanda da hannunai a miƙo.

Wuta ta ɗauke, janareta ya sha gas,
Riba ta bi hayaƙi, jari ya zam ƙoƙo.

Madobiya da ta cika daji an kwashe ta Sin,
Sai melaina ta rage, ita ko ba ta kai ta ƙarko.

Duk da haka Inna ta faɗi abin da ba shi musu,
Takunkumi da gilashi zan saye cikin mako.

Ɗan Dako na Jega:
Ƙanena, na ji takunkumi, na ji gilashi.

Ka zagaya daji, ka je Sin ka dawo,
Ka tsallake baitina mai zancen dako.

Ɗan Maigida:
Yaya, wannan sai Alhaji. Zan kai mishi da bakina bayan la'asar.

Akawun Rumfa:
Da safen nan na karanta wa Baba komai, sai da na ɗaga murya kamar yadda Inna ta faɗa. Ya yi dariya ya ce shi ba mawaƙi ba ne, amma ga abin da ya ce, ni na jera:

Shinkafa ta shiga gida, jikoki sun gode,
Takarda kuwa tsohuwa ta rataye ta don baƙo.

Abin da na riƙe, ran da ɗana ya rasu,
Alhaji ya rufe rumfa, kwana uku yana tako.

Gilashin in ya zo a fara ba yarona,
Nawa idon ya riga ya sha garin katako.

Yaron Jega da gaskiyarsa, ni ma can na faro,
Shekara biyar na yi da gammo ina dako.

Yana gamawa ya ce in tashi in rubuta kuɗin washin zarto, haƙoransa sun dakushe tun Alhamis, ga mai tu-bai-siks talatin yana jira.