Inshorar jakar hannu: zinarina ba shi da rasit

Assalamu alaikum. Ina sayar da turare da mayafai a babbar kasuwar Katsina, kullum jakata na rataye a kafaɗa: waya, katin banki, cinikin ranar, da sarƙar zinari da ɗan kunne da nake cirewa in na shiga cunkoso. Watan jiya wasu a kan babur suka fizge jakar maƙwabciyata wajen Ƙofar Ƙaura, tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Na je ofishin wani kamfanin inshora. Suka ce inshorar kayan gida sai an fasa gida an yi sata take aiki, abin da aka ƙwace a titi ba ruwanta da shi. Akwai wadda ke bin kaya duk inda mutum ya je, amma sai an rubuta kowane abu da kuɗinsa, da rasit. Kuɗin hannu kuwa ba su ciki, wannan na haƙura.

Wayar ba matsala, kwalinta da lambar IMEI (lambar shaidar wayar) suna nan. Zinarin ne ya tsaya min. Na gado ne, na mahaifiyata, a Makka ta sayo shi shekaru sama da 20, rasit ina zan gan shi? Na kai wa mai sayar da zinari ya auna, giram 18, ya rubuta min a takarda da hatiminsa. Masu inshorar suka ce ba su karɓar irin wannan, ba su kuma faɗa min wadda suke karɓa ba.

Don Allah, wace takarda ce kamfanin inshora ko takaful (inshorar Musulunci) ke amincewa da ita a madadin rasit ɗin zinarin gado?